Hatsarin Wa'azi Ba Karatu a Majami'un Karkarar Kano

A ƙauyukan arewacin Kano, inda gona ke manne da gona, akwai ƙananan majami'u na Hausawa Kirista, da yawansu jikokin Maguzawa ne. Mutumin da ke tsayawa gabansu ranar Lahadi sau da yawa manomi ne kamar kowa. Shi ke wa'azi, shi ke sulhunta miji da mata, shi ake tasa da tsakar dare idan yaro ya sanƙare. Tsofaffi da dama ba su yi boko ba, don haka duk abin da fasto ko mai bishara ya ce Littafi Mai Tsarki ya faɗa, ya zauna ke nan. Nan hatsarin yake, idan shi kansa bai san Littafin ba.

Magabatan ikilisiya a ƙasar Hausa ba su yi wasa da wannan ba. A 1900 Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su. Miller ya zauna a Zariya daga 1905, ya duƙufa kan fassara tare da abokan aikinsa, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Da mishan ta SIM ta sami shiga lardin Kano ta hanyar jinyar kutare a Yadakunya da asibitin ido na Kano, ba ta tsaya kan magani ba. Ta buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa don horar da masu bishara da harshen da suka tashi da shi. Ikilisiyar ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954, ita ta gaji wannan aiki.

Yau kuwa waya ta zama malama. Saurayi zai kwashi bidiyon masu wa'azin birni, ya haddace ihunsu da salon tafiyarsu, bayan wata biyu ya ce an kira shi. Sai ka ji ana sayar da man shafawa da ruwan addu'a, ana cewa wanda ya ba da kuɗi Allah zai ninka masa kafin kaka. Talaka ya kai akuyarsa kasuwa, ko ya ɗebi geron da ya ajiye don damina.

Wanda ya yi karatu ba a yi masa wannan. Ya san sura ta 8 ta Ayyukan Manzanni, inda Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa. Idan wani ya hana uwa kai ɗanta asibiti wai shan magani rashin bangaskiya ne, zai tuna masa cewa Luka, marubucin Bishara, likita ne. Idan aka nuna wata tsohuwa aka ce mayya ce don jikanta ya rasu, shi zai tsaya tsakaninta da jama'a, ya nemi a bincika ciwon da ya kashe yaron. Aya ɗaya da aka fizgo daga tsakiyar sura tana iya raba gida. Mai sani yakan karanta abin da ke gabanta da na bayanta, ya tambayi wa aka rubuta wa, kuma a wane hali. Yakan ma gwada tsohuwar fassarar 1932 da ta 1979, don Hausar Miller ta yi wa yaran yanzu nauyi.

Kada a ce abin ba ya kai ga rai. A 2023 an tono gawarwaki sama da 400 a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, na mabiyan Paul Mackenzie, wanda ake tuhuma da sa su azumi har mutuwa don su sadu da Yesu.

Akwai kuma abin da ya shafi Kano musamman. Kiristan ƙauye da maƙwabcinsa Musulmi rijiya ɗaya suke sha, kasuwa ɗaya suke ci, wani lokaci ma kakansu ɗaya. Mai wa'azin da bai san nasa ba yakan cike gurbin da zagin na wasu, ya zama ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa.

Littafin da kansa ya gindaya sharaɗi. Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura ta 3, ta nemi shugaba ya iya koyarwa, kada ya zama mai son kuɗi ko sabon tuba. An kuma yaba wa mutanen Biriya don sukan bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Saboda haka ba raini ba ne ɗan ikilisiya ya ce, "Baba Fasto, a wace sura, a wace aya?" Dattawa kuma su tambayi duk baƙon mai wa'azi inda ya yi karatu da ikilisiyar da ta aiko shi kafin su ba shi bagade.

Sauran aikin na aljihu ne. Ikilisiyar da ke son fasto mai sani sai ta ware wani abu daga baikon godiya na kaka, ta tura mai bishararta makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa ko Kagoro, ta noma masa gonarsa har ya dawo. Da rani kuma, lokacin da aikin gona ya lafa, zumuntar mata da matasa na iya buɗe ajin koyon karatu a cikin majami'ar.