Gyambon Baki Mai Ƙin Warkewa

Wanda ya kawo shanu kasuwar Etudi a Yawunde, galibi a unguwar Briqueterie yake sauka, wurin 'yan'uwa Hausawa da Fulani. Can akwai tsire mai yaji, da shayi mai zafi, da goro. Mai lafiyar baki yana jin daɗinsu. Wanda ke da miki a harshe ko a cikin kumatu kuwa, kowace loma azaba ce. Yaji fama gyambon yake yi.

Yawancin mikin baki ba abin tsoro ba ne. Ɗan ƙarami ne, fari a tsakiya, ja a gefe, da zafi ƙwarai. Yakan zo bayan cizon harshe, ko ƙunar abinci, ko gajiya da damuwa, ya warke da kansa cikin kwana 7 zuwa 14. Ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa mai ɗumi, ka kurkure baki sau uku ko huɗu a rana, ka tofar. Ka rage yaji da tsami, ka bar shayi ya huce. In zafin ya hana ka cin abinci, ka sha farasitamol. Kada ka ɗora ƙwayar asfirin a kan mikin, kada ka shafa kanwa ko toka. Suna ƙona naman baki, ƙaramin ciwo ya zama babba.

Amma in miki ya wuce mako 3 bai rufe ba, ruwan gishiri ya gama aikinsa. Sai asibiti.

Wani lokaci dalilin a fili yake: karyayyen haƙori mai kaifi yana gogar harshe dare da rana, ko haƙoran roba da ba su zauna daidai ba. Likitan haƙori ya gyara, ciwo ya tafi. Wani lokaci ƙarancin jini ne, musamman ga mai ciki da mai shayarwa. Hanta, ƙwai, wake, zogale da alayyafo suna taimako, tare da maganin ƙarin jini.

Mikin da ke warkewa ya dawo, ga farin abu kamar kindirmo a harshe, ga rama, ga zawo, yana iya zama alamar garkuwar jiki ta yi rauni. A nan mukan roƙi mutum ya yarda a gwada jininsa don ƙanjamau. Mutane da yawa sukan ɓata rai in mun faɗi haka. Ba zargi ba ne, aikinmu ne mu duba. A Kamaru maganin kyauta ne tun 2007, kuma wanda ya fara sha da wuri yakan koma gona da kiwonsa. Tunjere da tarin fuka su ma sukan fito da miki a baki, dukansu kuwa ana warkar da su.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne gyambon da ba ya zafi. Mai shi yakan ce, “Ai ba ya damuna,” ya ci gaba da harkarsa wata da watanni. Ciwon daji na baki sau da yawa haka yake farawa. Gefen mikin yakan yi tauri, yana jini in an taɓa, wani lokaci kaluluwa ta fito a wuya ta ƙi sauka. Ya fi son gefen harshe da ƙarƙashinsa. Ya fi kama masu shan sigari, da masu cusa garin taba tsakanin leɓe da dasashi, da masu shan giya, musamman waɗanda suka haura shekara 40. Tsofaffinmu mata masu taba a baki sukan ɗauka tasu ba ta kai sigari ba. Ita ma taba ce, kuma a wuri ɗaya take kwanciya kullum. Jan goro yana ɓoye miki, don haka ka wanke baki, ka tsaya a haske da madubi, ka ɗaga harshe ka duba. Ido kaɗai ba ya tabbatar da wannan ciwo. Sai an yanki ɗan nama kaɗan an kai ɗakin gwaji, abin da ake yi a manyan asibitoci kamar Hôpital Central na Yawunde. In ƙaramin asibitinku ya ba ka takardar zuwa can, kada ka ajiye ta sai bayan girbi.

Ga yara kuwa, ba a jiran mako 3. Yaro mai shekara 2 zuwa 6 wanda ya rame, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, in dasashinsa ya kumbura yana jini, bakinsa yana wari, kuncinsa ya fara tashi, uwa ki kai shi asibiti a ranar. Wannan ita ce cutar noma, mai zaizayar baki, tana iya huda kunci cikin 'yan kwanaki. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999, inda ake gyaran fuskar waɗanda ta ci. In an kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita.