Bindigar Baƙo a Kan Iyakar Gobir

A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara, a ƙarƙashin Bello Matawalle, ta fitar da sanarwar da ta tayar da ƙura a ƙasar nan: duk mutumin jihar da ya cancanta ya nemi lasisin bindiga don kare kansa, kuma za a raba fam 500 ga kowace ɗaya daga cikin masarautu 19 na jihar. Ba a jima ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Tun a 2021 Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya riga ya faɗi makamancin haka. Maganar ta mutu a ofis, amma tana nan da ranta a majalisun hira da tashoshin mota na gabashin Sakkwato, inda Isa ke maƙwabtaka da Shinkafi, Sabon Birni kuma ke kafaɗa da kafaɗa da Jamhuriyar Nijar.

Cikin duk wannan ka-ce-na-ce an tsallake tambaya guda, kuma a ƙasar Gobir ce ta fi nauyi. Idan wata rana aka buɗe ƙofar lasisi, wa zai shiga? Magidancin da aka haifa a Tsibiri ta Nijar, ya shekara 30 yana noma a Gatawa, ya yi aure a nan, 'ya'yansa suna makarantar firamare ta nan, shi ma a ba shi? In an ba shi, har da irin wadda ake sokewa a ƙugu a saki riga a kai?

Kafin a amsa sai an tuna yadda iyakar ta samu. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, da kuma yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa sabuwar hedikwata a Tsibiri, dab da Maraɗi. Sabon Birni kuwa reshe ne na wannan gida: Ɗan Halima ya kafa shi a ƙarni na 19 bayan saɓani da 'yan uwansa na Tsibiri. Da Turawan Ingila da na Faransa suka zauna rabon ƙasa, yarjejeniyoyinsu na 1904 da 1906 suka bar Tsibiri a hannun Faransa, Sabon Birni a hannun Ingila. Zuriya ɗaya, zane ɗaya a fuska, ga gulbin Maraɗi yana gangarowa ya zuba a Rima bai san da wani shinge ba. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yanci, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. A kan wannan ma'auni, da yawa daga waɗanda ake kira 'yan Nijar a kasuwar Sabon Birni suna da haƙƙin zama 'yan Najeriya, sai dai babu takardar haihuwar da za ta shaida. Katin NIN ma ba hujja ba ne, domin doka ta ce a yi wa baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida rajista kamar yadda ake yi wa ɗan ƙasa.

Ita kanta dokar bindiga ta Najeriya tsohuwa ce, tun ta 1959, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa: bindigogin soja, mashinga, bama-bamai, da kuma libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu. Na biyu su ne irin na farauta, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne na ɗuri, adaka da 'yan uwanta, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke iya bai wa izini. Ke nan bindigar da ake iya ɓoyewa a aljihu tana sahu ɗaya da mashinga a idon doka. Talakan Najeriya bai da ita, balle baƙo. Dokar ta kuma fayyace cewa lasisi ba haƙƙi ba ne da mutum zai tsaya ya ce sai an ba shi, sannan ta jera waɗanda ba za a bai wa ba: wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, mai raunin gani, mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekaru 5 da suka wuce. A wannan jeri ba a ambaci ƙasar haihuwa ba. An bar wa jami'i ya yi amfani da hankalinsa, abin da a aikace yake nufin wanda ya san wani shi ke samu. A 2023 ma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da cewa an dakatar da bayar da lasisin gaba ɗaya. Gwamna kuwa, kamar yadda Irabor ya faɗa, ba shi da ta cewa, domin makamai suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka.

A Amurka ne aka fi tafka wannan muhawara, domin can riƙe bindiga haƙƙi ne da gyara na biyu na kundin tsarin mulki ya tanada, kuma jihohi suna bayar da izinin yawo da ita a ɓoye. Dokar tarayyarsu ta raba baƙi kashi-kashi. Wanda ya shiga ƙasar ta ɓarauniyar hanya an hana shi. Mai bizar ɗan lokaci shi ma an hana shi, sai da 'yan togaciya kamar in yana da lasisin farauta. Amma mai takardar zama ta dindindin yana iya saye ya ajiye. A 2012 wata kotun tarayya a jihar Massachusetts ta ce hana irin wannan mazauni lasisi don kawai bai zama ɗan ƙasa ba ya saɓa wa tsarin mulki. Abin ɗauka a nan shi ne sun auna daɗewar zama da iya bin sawun mutum. Abin da ba ya ɗaukuwa shi ne sauran tsarin: can akwai adireshi, akwai hoton yatsu, akwai rumbun bayanan masu laifi da dillalin bindiga ke tuntuɓa kafin ya sayar. Mu a nan, a Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato, ciki har da Isa da Sabon Birni, saboda hukuma ta kasa bambance kiran infoma da na mai neman agaji.

Masu cewa a bai wa baƙo suna da hujja mai ƙarfi, kuma ba na son a raina ta. A Mayun 2020, da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa suka kashe fiye da mutum 70, ba su tsaya duba katin kowa ba. Haka a Disambar 2021 da aka cinna wa motar fasinja wuta a kusa da Gidan Bawa, mutum fiye da 20 suka ƙone. Sashe na 33 na tsarin mulki ya bai wa kowane mutum haƙƙin rayuwa, bai keɓe ɗan ƙasa ba, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa wanda ya shigo ƙasa da amana jininsa da dukiyarsa suna da alfarma, yana kuma da ikon tunkuɗe wanda ya kawo masa hari. Idan har Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, za a iya sace shi a kan hanya a Yulin 2024, ya rasu a hannun masu garkuwa a watan Agusta duk da roƙon da ya yi a bidiyon da duniya ta gani, da wane baki hukuma za ta ce wa ɗan ci-rani ya kwantar da hankalinsa, akwai mai tsaronsa? Kada kuma a manta yau mu ne baƙin a wani wuri. Dubun dubatar mutanen Sabon Birni da Isa suna gudun hijira a jihar Maraɗi, a yankin Gidan Runji da ƙauyuka irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Duk hukuncin da muka yanke wa baƙo a wannan gefe, mu sa ran za a auna wa namu da mudun a wancan.

Masu cewa a'a su ma ba da ka suke magana ba. Lasisi alkawari ne tsakanin mutum da hukuma: in ka yi ɓarna za a nemo ka. Wanda zai iya hawa babur ya tsallaka iyaka kafin la'asar, ya shiga ƙasar da 'yan sandanmu ba su da iko a ciki, yaya za a nemo shi? Kuma kowa ya san hanyar da makamai ke biyowa tun bayan rushewar gwamnatin Gaddafi a 2011, daga Libiya su ratso Nijar su sauka dazukan Zamfara da Sakkwato.

Babbar hujjarsu kuwa tana nan cikin jihar Sakkwato, a Tangaza da Gudu. Binciken masana da rahotannin jaridu sun nuna cewa wajen 2017 zuwa 2018 wasu shugabannin al'umma ne suka gayyato mutane masu makamai daga ƙetaren iyaka don su kore musu ɓarayin shanu. Da jama'a suka fara kokawa a 2018, 'yan sanda suka ce makiyaya ne kawai. Baƙin sun kori ɓarayi, gaskiya ne, daga nan suka shiga karɓar zakka da ƙarfi, suna yi wa matasa bulala, suna yanke hukunci a garuruwan da ba nasu ba. Sai a Nuwambar 2024 Hedikwatar Tsaro ta fito ta ambaci sunansu, Lakurawa, a Janairun 2025 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda. Wanda ya ga wannan ya ce yana tsoron bindiga a hannun baƙo, ba za a ce ya yi ƙabilanci ba.

Sai dai a lura da abin da ya mai da Lakurawa annoba. Sun zo a ƙungiyance, da makamansu, da shugabanninsu, ba su da gona ko suruki a garin, ba kuma wanda zai iya kiransu ya tuhume su. Wannan sifa ba ta da alaƙa da launin fasfo. Bello Turji, wanda ya fi kowa addabar Isa da Sabon Birni, haifaffen ƙasar Shinkafi ne, ɗan Najeriya ta kowace fassara ta sashe na 25, kuma bai taɓa cika fam ɗin lasisi ba. 'Yan sa-kan da suka kashe Fulani a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa a Oktoban 2021 'yan ƙasa ne, kuma cikin wannan watan ne aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo aka kashe mutum 43, harin da mutane da yawa suka ɗauka ramuwar gayya ce. Gwamnatin Sakkwato ta Aminu Waziri Tambuwal ta haramta 'yan sa-kai a shekarar. Duk wanda ya bi tarihin wannan rikici ya san bindigar ɗan gari da ba ta da mai tsawata mata ta zubar da jinin da ya ishe mu kuka.

Akwai kuma wani haɗari da ke tattare da mai da zama ɗan ƙasa sharaɗi a wurin da ba takardu. A 1980 gwamnatin tarayya ta kama Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Barno, ta kai shi Cadi ta ajiye da sunan ba ɗan Najeriya ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. In an yi wa ɗan majalisa haka, me zai hana a yi wa makiyayi ko manomin da ba ya ɗasawa da mai unguwa? Ranar da aka ce lasisi na ɗan ƙasa ne kaɗai, ranar aka miƙa wa mai sa hannu a takardar shaidar asali ikon zaɓar wanda zai riƙe makami da wanda zai zauna hannu rabbana. A yankin da Bahaushe da Bafulatani suke zargin juna, kowa ya san wanda za a fara kira baƙo.

Ra'ayina a kan bindigar ɓoye shi ne kada a bai wa kowa, ɗan gida ko baƙo, kuma a nan tsohuwar dokar 1959 ta yi daidai. Libarba ba ta tare mahara 50 a kan babura ɗauke da AK-47. Inda take aiki shi ne rikicin kasuwa, da faɗan iyakar gona, da gangamin siyasa. A garin da aka riga aka daina yarda da juna saboda infoma, sanin cewa kowace babbar riga tana iya ɓoye ƙarfe zai ƙarasa kashe kasuwannin da suka rage.

Tsaron gari kuwa wani abu ne daban. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024, Sakkwato ma a ƙarƙashin Ahmed Aliyu ta kafa tata a 2024. A irin wannan tsari makami a fili yake, da lamba, da rajista, da kwamandan da za a tambaya. A nan ban ga dalilin da zai sa a kori mutumin Tsibiri da ya shekara 30 a Gatawa ba, muddin uban ƙasa da limami da maƙwabta sun tsaya masa, an ɗauki hoton yatsunsa, an san gonarsa da iyalinsa. Shi ya fi saurin kamuwa a kan saurayi ɗan ƙasa da ba a san inda yake kwana ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ma irin waɗannan sharuɗɗa ta jera wa farar hula: shekaru, tsabtar tarihi, dalili karɓaɓɓe, horo, da wurin ajiya.

Cikas ɗin da ya rage na siyasa ne. Tantance baƙo yana buƙatar a tambayi hukumar ƙasarsu ko yana da tabo, su ma su tambaye mu game da namu. Tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 dangantaka tsakanin Abuja da Yamai ta yi tsami, an rufe iyaka wata da watanni, kuma a 29 ga Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Muddin jami'in tsaro na Sabon Birni ba zai iya ɗaga waya ya tambayi takwaransa na Gidan Runji labarin mutum ba, shaidar sarakunan gargajiya na ɓangarorin biyu ce kaɗai abin dogaro, kuma dokar bindiga ta yanzu ba ta ba wa wannan shaida wani matsayi ba. Gyaran yana hannun 'yan Majalisar Tarayya, ciki har da masu wakiltar Sakkwato ta Gabas.