Daga mazarin kakata zuwa zaren kabon

Ranar Asabar da ta wuce na kai ɗinkin babbar riga wurin wani dattijon tela a nan Briqueterie. Na tarar yana ta fama da keke, da ya taka sai zare ya tsinke. "Ɗana, zaren yanzu ba shi da murɗi," in ji shi. "Ai ƙarfin zare a hannun mai kaɗi yake."

Maganar ta tuna mini kakata a Garwa. Takan gurje auduga, ta shiɓe ta, ta shafa alli a yatsa, sannan ta murza mazari. Silin auduga bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma murɗi kan sa silalla su cije juna har a sami zaren da masaƙi zai ja bai tsinke ba. Abin mamaki, wannan dabara ce ta fitar da wasu masana kimiyya daga wata babbar matsala.

A 1991 wani masani ɗan Japan, Sumio Iijima, ya bayyana wa duniya nanotub, wato bututu mitsitsi na kabon, sinadarin da ke cikin gawayi da bakin fensir. Gashin kai ya fi mafi siririnsu kauri kusan sau 50,000. Kowane ɗaya ya ninka ƙarfe ƙarfi sau da yawa, ga rashin nauyi, ga ɗaukar wutar lantarki. To amma gajeru ne ƙwarai, a ido kamar baƙin gari suke. Wa zai ɗaure kaya da gari?

A 2002 masu bincike a Jami'ar Tsinghua da ke Beijing suka janyo zare mai tsawon santimita 30 daga nanotub da aka tsiro a tsaye kamar ciyawa. A 2004 ayarin Ray Baughman na Jami'ar Texas a Dallas ya haɗa kai da masana kaɗin ulu na hukumar CSIRO ta Ostareliya, suka ƙara wa zaren murɗi, daidai yadda mazari ke yi. Sai ga zaren da ake ƙulla shi bai rasa ƙarfinsa ba. A shekarar dai, a Jami'ar Cambridge ta Ingila, ayarin Alan Windle ya riƙa naɗo zaren kai tsaye daga cikin tanderu, daga wani abu mai kama da hayaƙi.

Har yanzu da sauran aiki. Zaren bai kai ƙarfin bututu guda ba, domin in an ja shi, bututun sukan zame wa juna maimakon su riƙe. Shi ya sa ake ta neman yadda za a tsawaita su, a jera su fuska ɗaya, a matse su. Ga kuma tsada.

Abin da ya sa tela ya ajiye almakashi shi ne labarin Jami'ar Rice ta Amurka. A 2021 ayarin Matteo Pasquali ya ɗinka irin wannan zare a jikin rigar wasanni da keken ɗinki, rigar ta riƙa auna bugun zuciyar mai sanye da ita, kuma ana wanke ta. "Kai! Da keke irin nawa?" Na ce, "Ƙwarai, Baba."

Na fito ina tunani. Yawancin audugar da SODECOTON ke gurzawa a Arewa ɗanya ake fitar da ita waje, mazari kuma ya ɓace daga ɗakunan iyayenmu. Ƙannenmu da ke karatun kimiyya a Jami'ar Yawunde ta ɗaya, can Ngoa-Ekelle, da yawansu ba su taɓa ganin kaɗi ba. Hutun nan in na je Garwa, zan nemo mazarin kakata, in kawo wa ƙanwata da ke karatun kimiyyar sinadarai.