Daren da Aka Nemi Jirgin Raisi: Me Ya Hana Jiragen Ceto Tashi?

Ranar 19 ga Mayu, 2024, jirgi mai saukar ungulu ƙirar Bell 212 da ke ɗauke da shugaban Iran, Ebrahim Raisi, ya ɓace a tsaunukan lardin Azabaijan ta Gabas, yana dawowa daga buɗe wata madatsar ruwa a kan iyaka. Sai washegari da safe aka ga tarkacensa, mutum 8 da ke ciki duk sun rasu. Tun daga wannan dare ake yawo da maganganu, har yau ba su lafa ba.

Masu cewa jiragen ceto sun kasa yin aiki a daren nan gaskiya suka faɗa. A ƙafa ma'aikatan Red Crescent da sojoji suka yi ta kutsawa daji cikin ruwan sama da sanyi. Haka kuma gaskiya ne Iran ta roƙi Turkiyya jirgin ceto mai na'urar gani cikin duhu, Turkiyya kuwa ta turo jirgi maras matuƙi, Akinci.

Inda zancen ya karkace shi ne cewa da gangan aka hana su tashi, ko kuma wai irin waɗannan jirage ba sa tashi da dare sam. Suna tashi. Matuƙin soja yana ɗaura tabarau na musamman a kan hular kwanonsa, wanda ke ƙara ƙarfin ɗan hasken wata da taurari har ya ga ƙasa kore-kore a gabansa. Amma tabaran ba ya huda hazo. Kyamarar da ke gano ɗumin jiki ma, danshi yana dusashe ta. Shi kuma mai ceto dole ya yi ƙasa-ƙasa, yana ratsa kwari, dutse dama dutse hagu. Wanda ya taɓa kwana a filin jirgin Kano saboda hazon hunturu ya san ba a jayayya da yanayi, balle a tsakanin duwatsu. A ganina, duk kwamandan da ya tura matuƙa cikin hazon da ya riga ya ci jirgi ɗaya, gawarwaki kawai zai ƙara.

Labarin wai wani ɗan leƙen asirin Isra'ila mai suna "Eli Kopter" ne ya tuƙa jirgin kuwa, ba'a ce aka ƙirƙira a intanet, wasu suka ɗauka da gaske.

Batun cewa takunkumin da aka ƙaƙaba wa Iran ya taka rawa kuwa yana da tushe. Tsohon ministan harkokin wajen Iran Javad Zarif ya ɗora wa Amurka laifi saboda hana Iran sayen jirage da kayan gyara, kuma lallai jiragen ƙasar sun tsufa. Sai dai rahoton ƙarshe da rundunar sojin Iran ta fitar a Satumbar 2024 bai gano zagon ƙasa ba. Ya ce hazo mai kauri ne ya taso farat ɗaya, jirgin ya daki dutse.