Majami'ar San Kilemente ta birnin Roma

Roma ita ce babban birnin ƙasar Italiya. A cikinta akwai wata tsohuwar majami'a mai suna San Kilemente, kusa da babban filin wasan Romawan dā da ake kira Kolize. An ba ta sunan Kilemente, wani Paparoma na ƙarni na 1. Irin wannan doguwar majami'a mai jerin ginshiƙai dama da hagu, ita ake kira bazilik.

Baƙon da ya shiga, abin da yake fara jan idonsa shi ne bangon ƙurya. Saman bangon ya lanƙwasa kamar sakaina, yana ta ƙyalli. Wannan ado ba fenti ba ne. Ƙananan gutsattsarin ƙarau ne masu launi iri-iri, aka jera su ɗaya bayan ɗaya har suka ba da hoto. Sunan wannan aiki mozayik. An yi shi a ƙarni na 12, wato ya kai shekara 900 ke nan.

Ga yadda masu sana'ar suke yi. Da farko sai su shafe bango da kwaɓaɓɓiyar farar ƙasa. Kafin ta bushe, sai su riƙa danna gutsattsarin a ciki. In suna son ruwan zinariya, sai su sa fallen zinariya siriri tsakanin ƙarau biyu. Sukan ɗan karkata gutsattsarin, don kowane ya kama haske ta nasa gefe. Launin yana cikin ƙarau ɗin kansa, shi ya sa ba ya koɗewa.

A tsakiyar hoton akwai gicciye, alamar addinin Kirista. Fararen kurciyoyi 12 suna bisa kansa, a madadin manzannin Isa Almasihu 12. Daga gindin gicciyen wani tsiro ya fito, rassansa sun nannaɗe, sun cika bangon. A ƙasa koguna 4 suna gudana, barewa 2 suna shan ruwa. Mai lura zai ga wata mace tana ba kajinta tsaba, da makiyaya suna kiwon dabbobinsu. A lokacin, yawancin mutane ba su iya karatu ba. Hoton bango shi ne littafinsu.

In baƙo ya gama kallo, sai ya bi matakala ya sauka ƙarƙashin ƙasa. Nan zai tarar da wata majami'ar, ta ƙarni na 4. Wajen shekara ta 1100 aka cike ta da ƙasa, aka gina sabuwar a kanta. Da daɗewa sai aka manta da ita, har 1857, lokacin da wani limamin Kirista ɗan ƙasar Irlanda, Joseph Mullooly, ya fara tono ta.

A bangonta akwai wani zane na ƙarni na 11. Yana nuna wani attajiri yana yi wa barorinsa tsawa su ja ginshiƙi. An rubuta maganarsa da harshen da talakawan Roma suke yi a gida da kasuwa, alhali a zamanin da Latin ake rubutu. Wannan yana cikin rubuce-rubucen farko na harshen Italiyanci. A wannan majami'a kuma aka binne Siril a 869, malamin da ya ƙago wa al'ummar Silaf haruffa don su karanta da harshensu.

In aka ƙara sauka, sai a iske ɗakunan Romawa na ƙarni na 1. Wurin da sanyi da duhu, ana jin ƙarar ruwa yana gudana a ƙarƙashi.

Masu ziyara suna sa tufafin mutunci, suna magana a hankali, don har yau ana ibada a majami'ar ta sama. Ba sa taɓa zanen bango, saboda gumin hannu yana ɓata shi.

Kalmomi
bazilik : la basilique
mozayik : la mosaïque
ƙarni : le siècle
ginshiƙi : la colonne

Tambayoyi
1. Da me ake yin mozayik?
2. Don me launinsa ba ya koɗewa?
3. Gini nawa ne a kan juna a San Kilemente?
4. Wane irin ado ake yi wa bangon gidaje a garinku?