Shekaru 42 ana neman mutum ɗaya: yadda ofishin sherif na Sakramento ya yi da binciken Joseph DeAngelo

A yammacin ranar 24 ga watan Afrilun 2018, jami'an ofishin sherif na gundumar Sakramento, a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, sun cafke wani dattijo mai shekaru 72 a ƙofar gidansa da ke Citrus Heights. Sunansa Joseph James DeAngelo. Makanikin manyan motoci ne da ya yi ritaya shekara guda kafin nan, yana da 'ya'ya har da jika. Rahotanni sun ce abin da ya faɗa wa jami'an shi ne ya bar nama a kan wuta.

Wannan ofishin dai shi ne ya buɗe masa fayil tun watan Yunin 1976, ba tare da an san sunansa ba. A tsakanin waɗannan ranaku biyu an kashe mutane, an yi wa mata wajen 50 fyaɗe, an tuhumi wanda bai ji ba bai gani ba, an kuma zubar da hujjojin da daga baya aka zo ana nema ido rufe.

Sherif a Amurka shi ne shugaban jami'an tsaro na gunduma, kuma a kusan duk jihohin ƙasar jama'a ne ke zaɓensa da ƙuri'a. Kalifoniya kaɗai na da gundumomi 58, kowace da nata. Aikinsa ya ɗan yi kama da na jandarma a Nijar, domin shi ke kula da yankunan da ke wajen ikon 'yan sandan birni, sai dai shi har gidan kaso da tsaron kotu suna hannunsa. Akwai kuma wani bambanci babba. A tsarin da Nijar ta gada daga Faransa, jami'an binciken laifuka suna aiki ne ƙarƙashin jagorancin mai shigar da ƙara na gwamnati, manyan laifuka kuma su wuce hannun alƙali mai bincike. A ofishin sherif babu irin wannan alƙali. Sajan ne ke raba wa masu bincike fayiloli, ya karanta rahotanninsu, ya ce wannan zaren a bi shi, wancan a ajiye. Sama da shi akwai laftana da kyaftin, sannan sherif, wanda zaɓe ke jiransa bayan 'yan shekaru. Sai an kammala ake kai fayil gaban lauyan gwamnati na gunduma.

Shawara ta farko da shugabannin ofishin suka yanke a 1976 ita ce a yi shiru. Wani mutum mai rufe fuska yana kutsawa gidaje cikin dare a unguwannin gabashin Sakramento, irin su Rancho Cordova da Carmichael, ya ɗaure mace da igiyar takalmi, ya yi mata fyaɗe, wani lokaci har ya shiga kicin ya ci abinci. Ofishin ya roƙi 'yan jarida kada su buga labarin, da hujjar cewa in maharin ya ji an farga zai gudu. Watanni aka yi a haka, hare-haren kuma ba su tsaya ba. Sai a watan Nuwamban 1976, bayan jita-jita ta cika gari har mazauna unguwanni sun tsare jami'ai da tambayoyi a wajen taro, labarin ya fito a jarida. Matan da aka kai wa hari a cikin waɗannan watanni ba su samu ko gargaɗin su ƙara kulle taga ba.

Fitowar labarin ma ta zo da nata tsadar. Bayan an yi ta faɗin cewa mata da ke su kaɗai yake kai wa hari, a 1977 ya koma shiga gidajen ma'aurata. Yakan ɗaure mijin, ya kifa shi, ya jera masa faranti a baya, ya ce in ya ji ƙarar faranti zai kashe duk mutanen gidan.

Daga cikin jami'an da aka ɗora wa binciken akwai Carol Daly, ɗaya daga cikin mata ƙalilan da ke wannan aiki a lokacin. Ita ce ke zama da matan da abin ya shafa, tun daga asibiti, tana ɗaukar bayanansu. Daga waɗannan bayanai aka tattara yawancin abin da aka sani game da maharin: yadda yake magana da haƙora a datse, irin ƙullin da yake yi, yadda yake leƙen gida kwanaki kafin ya shiga, da kiran wayar da yake yi wa wasu matan bayan harin. Daly ta kai matsayin mataimakiyar sherif kafin ta yi ritaya, mutumin kuma bai shiga hannu ba.

Inda aka fi yin asara shi ne tsakanin ofisoshi. A garin Visalia, can kudu da Sakramento, an sha fama da wani ɓarawo da ya fasa gidaje sama da 100 a 1974 da 1975, ya harbe wani malamin kwaleji da ya fito ceton 'yarsa, ya kuma harbi wani ɗan sanda, harsashin ya samu tocilan da ke hannunsa. Jami'an Visalia sun kai wa takwarorinsu na Sakramento zarginsu cewa mutum ɗaya ne. Ba a karɓa ba. Haka kuma da hare-haren suka tsaya a arewacin jihar a tsakiyar 1979, aka fara kashe ma'aurata a gidajensu a kudu, a gundumomin Santa Barbara, Ventura da Orange, wasu masu bincike sun ga kamanni, amma kowane ofishi ya riƙe fayilinsa yana neman mai laifi a cikin garinsa. A Ventura har an gurfanar da wani abokin kasuwancin mamacin kan kisan da aka yi a 1980, kafin kotu ta sallame shi saboda rashin hujja.

Duk wannan lokaci wanda ake nema ya san aikin daga ciki. DeAngelo ya karanta fannin shari'ar laifuka a jami'a, ya yi aikin ɗan sanda a Exeter, kusa da Visalia, daga 1973 zuwa 1976, sannan a Auburn, kusa da Sakramento, daga 1976 zuwa 1979. An kore shi ne bayan an kama shi ya saci guduma da maganin korar karnuka a wani kanti. Ɗan sanda ya saci maganin karnuka a yankin da ake farautar mai tsallaka katanga cikin dare, amma ba a samu wanda ya haɗa biyu da biyu ba. Kisan ƙarshe da aka danganta da shi ya faru a Irvine a watan Mayun 1986.

A wancan zamani dokar Kalifoniya ta sa wa laifin fyaɗe wa'adin 'yan shekaru, in ya wuce ba a gurfanar da kowa. Saboda haka a Sakramento aka zubar da samfuran da likitoci suka ɗauka daga jikin matan. A gundumar Contra Costa an ajiye wasu. Nan ne Paul Holes, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje na ofishin sherif, ya ci karo da tsofaffin fayilolin a 1994. A 2001 gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA, ya tabbatar da abin da aka ƙi yarda da shi shekaru 20 baya: mai fyaɗen arewa shi ne mai kisan kudu. Sai dai samfurin bai dace da kowa ba a rumbun bayanan masu laifi, domin ba a taɓa kama DeAngelo da babban laifi ba. A 2016 hukumar FBI ta sa ladan dala 50,000. Sunan da duniya ta san shi da shi, Golden State Killer, marubuciya Michelle McNamara ce ta raɗa masa, ta kuma rasu a 2016 ba ta ga kamun ba.

Sabuwar dabarar da ta warware lamarin sai da ta fara da kuskure. A 2017 masu bincike sun bi wata alama ta gado daga wani shafin intanet, suka samu izinin alƙali, suka ɗauki samfurin wani tsoho mai shekaru 73 da ke kwance a gidan kula da tsofaffi a jihar Oregon. Ba shi ba ne. Daga bisani tawagar da ta ƙunshi Holes, wani lauyan FBI, jami'an ofishin lauyar gwamnati Anne Marie Schubert da masaniyar salsala Barbara Rae-Venter ta samu samfuri mai kyau. Wani likitan binciken gawa a Ventura ya saba ɗaukar samfuri biyu, na biyun kuma ya zauna a firiza tun 1980 ba a taɓa shi ba. Suka loda bayanan a shafukan da mutane ke neman danginsu, ciki har da GEDmatch, suka samu dangi na nesa, suka yi watanni suna bin salsala daga kakannin ƙarni na 19 zuwa yau, suna cire mata, suna cire waɗanda shekarunsu ko mazauninsu bai dace ba.

Holes ya ba da labarin cewa gab da ritayarsa, a ƙarshen Maris na 2018, ya tsaya da mota a gaban gidan DeAngelo yana tunanin ya ƙwanƙwasa ƙofa ya nemi samfuri, sai ya fasa. Aikin ya koma hannun ofishin sherif Scott Jones. Salsala ba hujja ba ce a kotu, nuni ne kawai, don haka aka sa jami'ai su bi mutumin a ɓoye. Sun shafo samfuri daga hannun ƙofar motarsa lokacin da ya shiga wani kanti a Roseville, sannan suka ɗauko takardar goge hanci daga kwandon sharar da ya fitar bakin titi. Da sakamakon ya dace, alƙali ya sa hannu kan takardar kamu, aka jira ya fito waje maimakon a fasa gidan.

Hanyar ta jawo muhawara, tun da mutanen da suka loda bayanansu don neman dangi ba su san 'yan sanda za su leƙa ba. A 2019 GEDmatch ya canza ƙa'ida, sai wanda ya amince ake nuna wa jami'an tsaro bayanansa, ma'aikatar shari'ar Amurka kuma ta fitar da ƙa'idojin wucin gadi kan amfani da dabarar.

Ranar 29 ga Yunin 2020 DeAngelo ya amsa laifin kisa 13 da na sace mutane 13, a yarjejeniyar da ta cire hukuncin kisa. Lauyoyin gwamnati na gundumomi shida ne suka haɗu a shari'ar, wadda aka yi a babban zauren jami'ar jiha da ke Sakramento saboda annobar korona. Ranar 21 ga Agusta aka yanke masa ɗaurin rai da rai ba tare da damar saki ba, bayan kwanaki da matan da iyalan mamatan suka yi suna magana a gabansa. Ya amsa da bakinsa cewa shi ya yi fyaɗen, amma ba a tuhume shi da ko ɗaya ba. Kalifoniya ta soke wa'adin wannan laifi a 2016, dokar kuma ba ta waiwayi laifukan da wa'adinsu ya riga ya cika ba.