Mai Tsagar Ɗakwara a Abu Hujar

Da damina ta ɗauke a Abu Hujar, kudu da Sinja a jihar Sinnar, ganyen ɗakwara ya fara zuba, sai mai ƙaro ya saɓi sonki ya nufi jinena. Sonki ƙarfen tsaga ne mai doguwar ƙota, jinena gonar itacen, wanda Larabawa ke ce wa hashab. Hausawan wannan gaɓa, jikokin mahajjata da na mabiyan Mai Wurno da suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, da wuya su ɗauki ƙaro sana'a ita kaɗai. Cikon noman dawa da riɗi ne.

Gwanintar tana hannu. Ɓawo kawai ake salewa, siriri, ba a taɓa naman itace. Wanda ya zurfafa ya kashe reshe, wanda ya yi sama-sama ya tashi a tutar babu. Ga ƙaya mai ƙugiya, ba ta barin riga ko fata. Bayan kamar mako shida a zo tsinkar farko, daga nan duk mako biyu har zafi ya kankama. Itace guda, a matsakaici, gram 250 a shekara.

Alaramma ya daɗe da sanin amfanin ƙaro. Jefa ƙaro a kurtun tawada, baƙin ba zai kwanta a gindi ba, kuma zai kama allo. Dalili: ƙaro doguwar sarƙar sukari ce da ɗan furotin a jiki, gefe guda na son mai, ɗaya na son ruwa, sai ya jera kansa ya kewaye kowane ɗigo. Abin da ke hana man ɗanɗano rabuwa da ruwa a kwalbar lemo ke nan, inda ake rubuta shi E414. 

Ko Amurka, da ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, ta bar wa ƙaro ƙofa. Mai sonki fa? Sau da yawa tun damina ya ci bashin shel, wanda ake biya da amfanin gona, a hannun ɗan kasuwa, don haka kafin ɗigon farko ya daskare a reshe an riga an yanke masa farashi.